Auna gudun ruwa da leza da kyamara: yadda aikin yake da inda yake karkacewa

Damagaram kan dutse take zaune, shi ya sa ruwan da ke isowa pampo daga nesa ake turo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, cikin bututai masu tsawon kilomita da dama. Kowace gwiwar bututu, kowane wurin da bututu ya tsuke ko ya buɗe, akwai abin da yake ci daga ƙarfin injin da ke tura ruwan. Mitar da ke jikin bututu lita kawai take ƙirgawa. Ba za ta gaya maka inda ruwa ya yi sauri ba, ko inda ya juyo baya, ko lungun da yake tsayawa yana kewaye har laka ta kwanta. Haka abin yake ga ɗanyen man da ke gangarowa daga Agadem zuwa matatar SORAZ, haka yake ga iskar da ke ratsa rumbun albasa. Wanda ke son gyara irin waɗannan sai ya ga cikin gudun da idonsa, kuma ya sa masa lamba.

Matsalar tsofaffin kayan awo ita ce sai an tsoma su cikin ruwan, kuma duk abin da ka tsoma ya riga ya canza gudun da ka zo aunawa. Haske kuwa yana ratsawa ba tare da ya taɓa komai ba. Tun 1883 Osborne Reynolds ya zura zaren rini cikin bututun gilashi a Ingila, ya nuna lokacin da gudu mai santsi ke rikiɗewa ya hargitse. A 1904 Ludwig Prandtl a Jamus yana barbaɗa gari a kan ruwa don ya ga yadda yake kewaye abin da ya tare shi. Su gani suka yi da ido. Leza da kyamara da kwamfuta su ne suka mayar da ganin ya zama awo.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yau ana kiranta PIV, wato auna gudu ta hoton ƙwayoyi, sunan da ya bayyana a rubuce-rubucen masana a 1984, kuma Ronald Adrian na Amurka na cikin waɗanda suka kafa ta. Asalinta ba wuya: a zuba ƴan ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa, a haska su da shimfiɗaɗɗen haske mai kaurin milimita ɗaya, a ɗauki hoto biyu a jere da tazarar lokaci sananniya, a duba nisan da ƙwayoyin suka matsa, a raba da lokacin. Nisa bisa lokaci, ke nan. Sai dai a lura da kyau, ruwan kansa ba a taɓa auna shi ba, ƙwayoyin ake aunawa. Duk ingancin aikin ya rataya ne a kan abu uku: ko ƙwayoyin na bin ruwan da gaske, ko tazarar lokacin daidai take, da ko an san milimita nawa ne a cikin kowane fiksel, wato ɗan ɗigon da hoton dijital ke ginuwa da shi.

Zaɓen ƙwayoyi

A nan yawancin masu farawa ke yin tuntuɓe, don sun ɗauka kowane gari ma ya yi. Ƙwayar da ake so tana da sharaɗi biyu masu jan juna. Ta yi ƙanƙanta har ruwa ya ɗauke ta duk inda ya karkata, kuma ta yi girman da za ta maido da hasken da kyamara za ta gani. A ruwa an fi amfani da ƙwallayen gilashi masu rami a ciki, masu faɗin mikron 10 ko kusa da haka (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko garin roba na foliyamid mai mikron 20 zuwa 50, wanda nauyinsa ya ɗara na ruwa da kashi 3 cikin ɗari kacal. A iska kuwa feshin mai ake yi, ɗigo-ɗigo masu mikron ɗaya, ko kumfar sabulu da aka cika da iskar hiliyom idan wurin awon babba ne.

Lissafin Stokes, na saurin nutsewar ƙwaya a ruwa, ya nuna dalili. Ƙwallon gilashi mai mikron 10 wanda nauyinsa ya fi na ruwa da kashi 10 cikin ɗari yana nutsewa da gudun kusan milimita 0.005 a sakan, kuma in ruwa ya canza gudu, cikin kusan mikrosakan 6 ya bi sahu. Ɗauki rairayi mai laushi mai mikron 100: shi yana nutsewa da kusan milimita 9 a sakan. Idan gudun da kake aunawa santimita 5 ne a sakan, rairayin nan zai sa kibiyoyin da kwamfuta ke nuna gudu da su su sunkuya ƙasa, ka ɗauka ruwan ne ke gangarawa alhali nauyin rairayi ne. Saurin nutsewa yana tafiya ne da faɗin ƙwaya sau kansa, don haka ninka faɗi sau 10 ninka matsala ce sau 100. A wurin da ruwa ke juyi da ƙarfi kuma, ƙwaya mai nauyi waje ake wurgo ta, sai tsakiyar juyin ya zama fayau babu ko ɗaya, a daidai wurin da aka fi son a auna.

Garin roba ba ya son jiƙa. In aka zuba shi kai tsaye sai ya dunƙule ya taso sama. A dama shi tukuna a ƙaramin kofi da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, sannan a tsiyaya a tanki kaɗan-kaɗan ana duba hoto. Ruwan pampo kuma a bar shi ya kwana a buɗe, in ba haka ba iskar da ke narke cikinsa za ta fito ta manne a bangon gilashi, kowace kumfa na ƙyalli fiye da ƙwaya ɗari.

Haske da lokaci

Lezar da aka saba gani a manyan ɗakunan gwaji ita ce Nd:YAG. Asalin haskenta mai tsawon zango nanomita 1064 ne, ido ba ya ganinsa, sai a bi da shi ta wani lu'ulu'u ya koma kore mai nanomita 532. Ba a kunne take zama ba, walƙiya take yi, kowace walƙiya nanosakan 5 zuwa 10. Gajartar nan ita ke daskarar da ƙwaya a hoto ta fito ɗigo tsaf maimakon jan layi. A cikin akwatin leza biyu ne, ɗaya ta harba, ɗayar ta biyo baya a lokacin da aka tsara, yawanci har sau 15 a sakan. Gilashi mai siffar tsagin gora shi ke baje tsinken hasken ya zama faifai, wani gilashin kuma ya matse kaurinsa. Kyamara tana tsayawa ne tana fuskantar faifan kai tsaye, kusurwa digiri 90.

Dole faifan leza ta farko da na ta biyu su hau kan juna daidai. In suka saɓa ko da rabin milimita ne, hoto na farko ya haska wasu ƙwayoyi, na biyu ya haska wasu daban, manhaja ta rasa abin haɗawa. Kafin kowane zama a sa farar takarda nesa kaɗan, a rage ƙarfin leza zuwa ƙasa, a harba ɗaya bayan ɗaya a ga ko layukan biyu sun dace.

Tazarar lokaci ita ce abin da mai awo ke zaɓa da kansa, kuma lissafinta ya kamata ya zama a kan takarda kafin a kunna komai. A ce kyamara mai fiksel 2000 a faɗi tana kallon wuri mai milimita 100. Kowane fiksel milimita 0.05 ke nan. A ce ruwa na gudun mita 0.5 a sakan. Ana son ƙwaya ta matsa kamar fiksel 8 tsakanin hotuna biyu, wato milimita 0.4. Raba 0.4 da milimita 500 a sakan, ka samu milisakan 0.8. In ka gajarta lokacin ƙwarai har matsawar ta zama fiksel ɗaya, kuskuren manhaja wanda ke kusan fiksel 0.1 ya zama kashi 10 cikin ɗari na awonka. A fiksel 8 kuwa kuskuren bai kai kashi 2 ba. In kuma ka tsawaita, ƙwayoyi su fice daga inda ake nemansu. Akwai ficewa ta biyu da ba a gani a hoto: ruwan da ke ratsa faifan hasken ta gefe, zuwa wajen kyamara ko nesa da ita. Ƙa'idar da Keane da Adrian suka fitar ita ce kada wannan ratsawa ta wuce rubu'in kaurin faifan. Faifai mai milimita ɗaya, rubu'insa 0.25.

Abin da kwamfuta ke yi da hotunan

Tun bayan aikin Willert da Gharib na 1991 aka bar fim aka koma hoton dijital. Manhaja tana yanka hoton gida-gida kamar yadda mai lambu a Mirya ke yanka fangali, kowane gida fiksel 32 a tsaye 32 a kwance. Ba ta bin ƙwaya ɗaya-ɗaya. Tsarin ɗige-ɗigen gidan gaba ɗaya take ɗauka daga hoto na farko, ta riƙa gwada shi a kan na biyu, sama da ƙasa, hagu da dama, har ta samu matsawar da tsarin ya fi dacewa. Wannan matsawa ita ce kibiya ɗaya. A misalinmu na sama gida ɗaya milimita 1.6 ne, kuma in gidajen na hawa rabin juna, hoto ɗaya zai ba da kibiyoyi kusan 15,000. Ana fara zagaye na farko da manyan gidaje masu fiksel 64 don a kama gudun gaba ɗaya, sannan a yi amfani da amsar a sauko 32 ko 16.

Kowane gida na bukatar ƙwayoyi kamar 10. In sun yi kaɗan, dacewar bogi ta rinjayi ta gaskiya, sai ka ga kibiya ɗaya ta miƙe tana nuna gabas alhali maƙwabtanta duk yamma suka nufa. In sun yi yawa ruwa ya yi fari, haske ya kasa ratsawa. Ana tsince miyagun kibiyoyi ta hanyar gwada kowace da maƙwabtanta takwas, gwajin da Westerweel da Scarano suka daidaita a 2005. Amma in abin da ake tsincewa ya haura kashi 5 cikin ɗari, a koma a gyara gwajin. Manhaja za ta cike gurbin da ƙiyasi ta ba ka hoto mai kyan gani, kuma kyan nan ne ke ruɗin mutane.

Akwai wani lahani mai ɓoyewa da ya cancanci a tsaya a kansa. Manhaja na iya gane matsawar da ba ta kai fiksel ɗaya ba ne saboda hasken kowace ƙwaya ya bazu a kan fiksel 2 zuwa 3, sai ta auna yadda ya rabu ta gano tsakiyarsa. Idan hoton ya yi kaifi fiye da kima har ƙwaya ta shige cikin fiksel ɗaya, wannan bayani ya ɓace, amsoshi su taru a kan cikakkun lambobi: 6, 7, 8, babu 6.4, babu 7.7. Matsakaicin gudu zai iya fitowa kusa da daidai, amma awon hargitsi ya lalace. Ana gane shi ta zana jadawalin yawan matsawa a fiksel. In ya fito da haƙora kamar matsefi, lahanin na nan. Maganinsa a tsuke ƙofar hasken kyamara, ko a ɗan kawar da saitin kaifi da gangan har ɗigon ya yi fiksel biyu da ɗoriya.

Sai ma'auni. Ana tsoma faranti mai ɗige-ɗige da aka san tazararsu a daidai inda faifan haske zai bi, a cikin ruwan, a ɗauki hotonsa, daga nan kuma kada a sake taɓa kyamara. Wanda ya ɗauki ma'auni tanki na fanko sannan ya cika ruwa ya yi aikin banza, don ruwa na lanƙwasa haske, abin da ke ciki ya bayyana kusa fiye da inda yake. Bututu mai zagaye ya fi muni, saboda bangonsa na aiki kamar gilashin tabarau, ya murɗe hoton kusa da gefe. Dabarar ita ce a saka bututun cikin akwatin gilashi mai shafaffen bango a cika akwatin da ruwa. Lambar lanƙwasa haske ta ruwa 1.33 ce, ta robar akirilik 1.49, don haka ragowar murɗiya na nan, kuma masu son kawar da ita ɗungum suna amfani da ruwan gishirin sodiyom ayodaid mai kauri wanda lambarsa ta dace da ta robar. Kusa da bango kuma ƙyallin leza na makantar da kyamara. A shafa baƙin fenti marar sheƙi a bayan wurin, ko a yi amfani da ƙwayoyin da aka rina da rodamin, masu shan kore su fitar da ruwan goro, a sa wa kyamara matatar da ke tare kore.

Kyamara ɗaya gudu ta fuska biyu kawai take gani. Da kyamara biyu masu kallo daga kusurwa daban ana samun fuska ta uku, da huɗu kuma ana iya auna dunƙulen wuri gaba ɗaya, hanyar da Elsinga da abokan aikinsa suka gabatar a 2006.

Ɗaya hanyar auna gudu da leza, LDV, ta girmi PIV. Yeh da Cummins suka fara nuna ta a 1964. Ita ba hoto take ɗauka ba. Ana raba tsinken leza biyu a sake gicciya su a wuri ɗaya ƙanƙane, inda suka haɗu sai ratsin haske da duhu ya samu a jere. Ƙwayar da ta ratsa wurin tana ƙyaftawa, na'ura ta ƙirga saurin ƙyaftawar. Da haske mai nanomita 532 da kusurwar digiri 8 tsakanin tsinkayen, tazarar ratsin mikron 3.8 ce, don haka ƙwaya mai gudun mita ɗaya a sakan za ta ƙyafta kusan sau 262,000 a sakan. Tunda ƙyaftawa ba ta nuna gaba ko baya, ana gusar da saurin kaɗawar hasken tsinke ɗaya da megahaz 40 don ratsin ya riƙa tafiya, ta haka a bambance. LDV ta fi daidaito a ɗigo ɗaya kuma tana kama saurin canji, amma taswirar bututu guda sai an bi ta ɗigo bayan ɗigo. Mai son ganin siffar juyi ya ɗauki PIV, mai son tabbatar da lamba a wuri ɗaya ya ɗauki LDV.

Zafi, ƙura da ido

Littattafan wannan fanni a ƙasashen sanyi aka rubuta su, kuma kusan duk misalansu ruwa mai digiri 20 ne. A Damagaram cikin Afrilu da Mayu ruwan tanki na iya kai wa digiri 35, famfon da ke juya shi kuma na ƙara masa ɗumi. Danƙon ruwa a digiri 35 ya ragu zuwa kusan kashi 72 cikin ɗari na yadda yake a digiri 20. Bututu mai faɗin santimita 5 da gudun santimita 4 a sakan yana da lambar Reynolds (lambar da ke nuna ko gudu zai yi santsi ko zai hargitse) 2000 a digiri 20, gudu mai santsi. Bututun nan dai, gudun nan dai, a digiri 35 lambar ta haura 2700, ta shiga yankin da hargitsi ke farawa. Ɗalibin da ya auna da safe ya sake aunawa da la'asar zai ga sakamako biyu ya zargi kyamara. Ma'aunin zafi ya zauna cikin tanki, a rubuta abin da ya nuna a farko da ƙarshen kowane zama.

Lokacin hunturu kuma hazo ne abokin gaba. Ƙurar da ta sauka kan madubi ko gilashin leza, walƙiya ɗaya ta ƙone ta a wurin ta bar tabo na dindindin, tabon kuma ya zana baƙin layi a cikin faifan haske. A rufe hanyar hasken da bututu ko akwati, a rufe tanki, a tace ruwa da matata mai mikron 5 ko ƙasa kafin a zuba ƙwayoyi. Leza mai sanyaya kanta da ruwa ba ta son ɗaukewar wuta tana tsakar aiki, don haka batirin tsaro na cikin kayan gwajin tun ranar farko.

Batun ido ba a sassauta shi. Walƙiya mai milijul 100 cikin nanosakan 10 ƙarfinta megawat 10 ne a wannan ɗan lokaci, ido kuwa kusan rubu'in sakan yake ɗauka kafin ya ƙifta. Ko hasken da ya dawo daga agogon hannu ko zobe ya isa ya ƙone bayan ido, kuma ba ya warkewa. Tabarau na musamman da aka rubuta tsawon zangon da yake tarewa a jikinsa, ƙofa a kulle, hasken a ƙasa da tsayin ido, ba a sunkuyawa a leƙa. Ƴan lezar hannu kore masu arha da ake sayarwa a kasuwa su ma ba abin yarda ba ne, da yawansu na zubar da haske marar ganuwa tare da koren, kuma ƙarfinsu kan wuce abin da aka rubuta.

Duk da haka, ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko na makarantun fasaha ba sai sun jira leza mai tsada ba kafin su koyi aikin. Fitilar LED mai ƙarfi da aka bi da haskenta ta siririn tsagi tana ba da faifai mai milimita 2 zuwa 3 ba tare da haɗari ba. Wayar hannu mai ɗaukar hoto 240 a sakan tazararta milisakan 4.2 ce. In tana kallon santimita 20 da fiksel 1920, matsawar fiksel 8 ta yi daidai da kusan santimita 20 a sakan, iyakar abin da za ta iya ke nan. A kulle saitin kaifi da na haske, a gajarta lokacin buɗe ido don kada ɗigo ya zama layi, a kuma tabbatar da ainihin yawan hotunan ta ɗaukar agogon sakan, don wasu wayoyin na canza shi da kansu. Manhajojin PIVlab da OpenPIV kyauta ne. Dabarar nan ce kuma aka faɗaɗa don auna koguna daga kan gada, aikin da Ichiro Fujita na Japan ya yi fice a kai: a ɗauki bidiyon saman korama lokacin damina, kumfa da karmami su zama ƙwayoyi, a kafa alamomi aƙalla huɗu a gaɓa waɗanda aka auna tazararsu, sannan a ninka gudun saman da kusan 0.85 don a ƙiyasta matsakaicin gudu har ƙasa.

Gwajin farko ya zama wanda aka riga aka san amsarsa. A ɗauki miƙaƙƙen bututu mai faɗin santimita 2, a riƙe lambar Reynolds wajen 1000, a auna a nisan da ya wuce mita ɗaya da ɗoriya daga bakin shiga don gudun ya gama daidaita. A irin wannan gudu, saurin tsakiyar bututu ninki biyu ne na matsakaici. Matsakaicin kuwa da bokiti da agogo ake samunsa: a tari ruwan da ke fita na minti ɗaya, a auna lita, a raba da lokacin da kuma girman filin bakin bututu, ba faɗinsa ba. In kibiyoyin kwamfuta da bokiti sun saɓa da fiye da ƴan kaso kaɗan cikin ɗari, a fara duba ma'aunin fiksel, sannan tazarar lokaci, sannan ƙwayoyi.